Ƙaguwar Fim Ta Fito da Hannun Surukina

Anti Rohani dan Allah ki agajeni. Kiyi hakuri da rubutuna, ni makaranta bata rikeni ba, bakina ne sana'ata. Sati uku ya rage min, ko in gyara gidana ko in koma gwauro ina da shekara arbain da bakwai. Kuma duk akan me? Akan zane. Katun fa Anti!

Bari in fara gaya miki ko ni waye dan kar ki daukeni karamin mutum. Duk garin Ipoh babu mai kwaikwayon murya kamata, sauran duk kwadi ne. Murya goma sha daya ce a makogwaron nan. In nayi miki dan Malay zaki rantse a jiharsu ta Kelantan aka binne cibiyata, in nayi dan Chaina mai saida kifi har karni zakiji. Ni Batamile ne, wato dan asalin Indiya, baki wuluk, kyakkyawa na karshe. Matata Yoke Lin yar Chaina ce, shekara ashirin da daya muna tare, yarmu daya tana jamia.

Bara wani darakta mai gemun akuya, Zulhelmi, yazo har gida yana rokona. Fim zaiyi na zane amma ba na yara ba, na manya, akwai ashar akwai giya akwai abinda bazan rubuta miki ba dan ke babba ce. Dabbobi uku ne a gida daya mai yoyo. Bauna shine dan Malay, yana kwance yana jira gwamnati ta saka masa ciyawa a baki. Hankaka shine mu yan Indiya, surutu da kwalba da kuka. Kaguwa kuma dan Chaina, komai ya gani sai ya damke. Kowa yasha nasa, ba wanda aka bari. Ni nayi hankaka, ni nayi kaguwa. Hukuma ta hana nunashi a sinima, wai zai raba kan kasa, kamar da can a hade yake. Sai ya fada wayoyi, yanzu har direban bas yasan muryata. Masu rubutu a jarida kuwa wanda ko jaririnsu basu taba sawa dariya ba sunata kumfar baki wai cin mutunci ne. Su suka sani, bana ko karanta su.

To ga inda aka samu matsala. Aikin nan murya ake fara dauka kafin a zana komai. Su saka ka a wani daki kamar akwatin gawa, ga makirfo, ga kyamara tana kallonka, daga baya masu zane subi motsinka daya bayan daya su dora wa dabbar. Wai sun gaya min haka tun farko. Kila sun fada, ni lokacin ina basu labari. Ni kuma bana iya muryar mutum sai na shiga jikinsa gaba daya. Zulhelmi yace min, Oga bamu tsohon dan Chaina na gaske, ba irin na talbijin ba. To ni tsohon dan Chaina nawa nake dashi a aljihu? Daya ne, surukina.

Baba Foong kenan, shekara sabain da tara, mai shagon kofi tun ban zo duniya ba. Injin hakar kuza ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama yana saurayi, da uku yake rike kofi, kullum tawul a kafada, kai a karkace. Anti kar ki dauka waliyyi ne. Bikinmu bai zo ba. Shekara bakwai bai ce min ko sannu ba, in zai ambaceni sai yace wancan Kofi Ba Madara. Wata rana naje dauko yata a shagon, kawai ya dire min faranti na shinkafa da kaza, bai kalleni ba yace, ka ci abinci? Shikenan fa. Daga ranar duk zuwana abinda zai fada kenan, ka ci abinci? Duk hirarsa a duniya bata wuce haka ba, mutum kamar rediyo mai tasha daya.

Shine na dauki maganar na bawa kaguwa. A fim din sai ta turo maka faranti tace ka ci abinci? Kana mika hannu ta janye ta cinye a gabanka. Anti mutane har faduwa suke daga kujera! Ni na kirkiro wannan, ba a rubuce yake ba, daraktan ma sai da ya fita waje yayi tari. Ashe lokacin da nakeyi na lankwashe yatsu biyu, na rataya hankici a kafada, na karkace kai. Su kuma jakunan masu zanen nan basu da tunanin kansu, abinda suka gani shi suka zana. Kaguwa ta fito da guntulallen hannun dama harda tawul.

Duk da haka da ba zai gani ba, tsohon ko waya mai hoto bashi da ita. Sai yayar matata, mai kwakwalwar kifi, taji ance muryata tana cikin katun. A wajenta duk abinda aka zana na yara ne. Ranar Lahadi da tsakar rana, shago cike, ta hada wayarta da talbijin din bango wai jikokin Baba su kalli kawunsu. Ina zaune ina shan kofi na. Bauna ya fito akayi dariya. Hankaka ya fito aka kara, har ana dukan bayana. Iyaye sun fara toshe kunnen yara amma ba wanda ya tashi. Sai ga kaguwa. Wani tsohon kwastoma mai hakori biyu ya daga murya yace, kai Foong, yaushe ka shiga fim baka gayyacemu ba? Kowa ya kalli bango ya kalli hannun Baba. Shi kuma bai kashe ba, yana tsaye da buta har fim ya kare. Sannan ya sauke tawul ya rufe hannun.

Wata biyu kenan. Da zagina yayi da mun gama tuni, ni wajen zagi ba a kayar dani. Amma a'a. Yanzu Yallabai yake ce min. Kofina mai tsagaggen baki da yake ajiye min a bayan kanta ya bace, a na kwastoma ake zuba min. Faranti kuma sai na yi oda kamar bako. Da hannun hagu yake zuba kofi yanzu, rabi a kofi rabi a tebur, na dama yana cikin aljihu. Wannan ba yarinta bace dan Allah? Kuma abin haushi, na gwammace ya dawo da Kofi Ba Madara dinsa, bansan me yasa ba.

Bashi da da namiji, kinsan kuma yadda yan Chaina suke da ranar sharar kabari, wadda duk shekara da namiji ke gyara kabarin iyaye. Shekara goma sha uku ni nake hawa dutsen da makabartarsu take da adda in sare ciyawar kabarin surukata, ni nake dauko kaza da turare da takardun da suke kona wa mamaci, shi yana baya yana ce min ban iya ba. Bana ya dauki addar ya bawa dan kaninsa Kah Wai, wani mai saida inshora da farcen mata wanda ko albasa bai taba yankawa ba. Zai sare kafarsa ne kawai a kara kabari.

Nace wa Yoke Lin, Madam wannan fasaha ce, ku baku gane ba, ai har kabilata na zaga. Tace kai ba kabila ka zaga ba, ubana ka zaga. Tace in ranar sharar tazo nan da sati uku bata ganni akan dutsen nan ba, in dawo in tarar da kayanta a saman shagon Baba. Kuma matar nan bata barazana, sau daya take magana.

Ga karin bayani, a satin sharar ne dai aka gayyaci fim din wani babban biki a kasar Turawa. Zulhelmi yace dole da ni, zan hau dandamali inyi musu kaguwa ido da ido. Ni da ban taba wuce Singafo ba! Irin wannan sau daya take zuwa, kuma gaskiya na cancanta.

Dan haka Anti ki rubuto min kalmomi masu dadi irin naku na yan boko da zan fahimtar da tsohon nan cewa girmamashi nayi, mutum nawa ne aka zana a duniya? Kuma ki gaya min dabarar da zanyi in tafi bikina in dawo in samu matata a gida.

Naki, Mai Murya Goma Sha Daya, Ipoh.

*

Malam Mai Murya,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan rubuta maka kalmomin da ka nema ba, domin babu su. Dabarar da kake so ita ma babu.

Bari in fara ba ka naka. Na kalli fim ɗin, na yi dariya, har da inda aka taɓa mutanena 'yan Malay. Ba na cikin masu cewa kada a yi wa ƙabila ba'a. Ƙasar da kowa ke gulmar kowa a bayan ƙofa tana bukatar wanda zai faɗa a fili. Haka kuma surukinka ya cuce ka a baya. Shekara bakwai na shiru da laƙabin da ya maƙala maka saboda launin fatarka ba wasa ba ne, kuma ina zargin akwai sauran wannan ciwon a cikin ƙaguwar, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Amma ka daina ɓuya a bayan hankaka. Tafiyar wa ka ba shi? Ta mahaifinka? Ba ka ce ba, don ba ta kowa ba ce. Hankaka ƙabila ce, kowa zai yi dariya ya ce da maƙwabcinsa ake. Ƙaguwa kuwa mutum ɗaya ne mai suna da shago, wanda zai buɗe ƙofa gobe ga mutanen da suka gan shi a bango. Masu zane ba jakuna ba ne, yatsun da ka lanƙwashe suka zana. Yayar matarka ta yi wauta, amma abin da ka dafa ta zuba.

Kuma hannun ma ba shi ne babban raunin ba. Kai da ka zauna da su shekara ashirin ka fi ni sanin cewa dattijo irinsa ba ya cewa "na yi kuskure" ko "na karɓe ka". Faranti yake turowa. Wannan tambayar da kake kira tasha ɗaya ita ce duk neman gafarar da ya iya, ya kuma maimaita maka ita shekara goma sha huɗu. Kai ka nuna wa duniya cewa tarko ce. Shi ya sa ya daina yi.

Ka kira Zulhelmi yau ka ce masa ba za ka je ba. Na san wannan zai yi maka zafi, kuma ba zan yi maka alkawarin wata gayyatar za ta zo ba, wataƙila ba za ta zo ba. Fim ɗin zai iya tafiya ba kai. Ka roƙe shi a gyara hannun a cire tawul ɗin a kwafin da za a nuna nan gaba. Wanda ya shiga wayoyi ya riga ya shiga. Kada kuma ka ƙara yin muryar nan, ko a wurin biki, ko don an roƙe ka.

Sannan ka je shagon da safe kafin mutane su cika, kai kaɗai, ba tare da ka tura matarka gaba ba. Kada ka yi masa lacca a kan fasaha, kada ka ce kowa ya sha nasa, kada ka nemi ka sa shi dariya. Ka ce masa ka ɗauki abin da ya ba ka ka yi wasa da shi a gaban mutane, kuma ka yi laifi. Jimla biyu sun isa. Ka faɗe su da muryarka ta gaske, in ka tuna wacce ce. Mai yiwuwa ya ce "ba komai, Yallaɓai" ya juya baya. Ka karɓa, ka dawo washegari.

Ranar sharar kabari ka sayi addarka, ka riga su isa gindin dutsen, ka tsaya. Kada ka ƙwace aikin daga hannun Kah Wai, kuma ka bar yi masa ba'a, kiransa aka yi ya amsa. In tsohon ya ba ka kaya ka ɗauka, in ya wuce ka ka bi su a baya ka tsaya inda aka bar ka. Matarka ba ta ce sai ya yafe maka a ranar ba, cewa ta yi ta gan ka a wurin. Wannan kam yana hannunka.

Ya yi shekara bakwai kafin ya sauko a karon farko, yanzu kuma yana da saba'in da tara. Ba ku da wasu bakwai ɗin da za ku ɓatar, don haka kada ka jira sati ukun su cika.

Ina yi maka fatan sauƙin hawa, da zaman lafiya a gidanka. Ka gaishe min da Yoke Lin.

Anti Rohani