Furannin Dutse Sun Riga Mu

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya kuma tarin naki?

Ni lafiya lau nake. Sai dai zumar da na yi miki alkawari, bana babu ita.

Mun yi dakon amya har saman dutse, daidai lokacin da maigidana ya saba hawa tun yana saurayi. Muka tarar furannin daji sun riga sun buɗe, har sun bushe. Zafi ne ya zo da wuri ya ruɗe su. Bara ma haka aka yi! Tsohon ya riƙe ƙugu yana cewa, "To yanzu wa zan kai ƙara?"

Ga mu nan muna dama wa ƙudan zuma ruwan sukari kamar jarirai, yunwa kuma ta hana su ganin mutuncin kowa. Shi ya sa ban aiko hoto ba. Fuskar ce ta ɗan kumbura, ba wani abu ba ne.

Ki sa a nemo miki maganin tarin, kada ki jira ni. A sa mu a addu'a.

An ce zuma ga zaƙi ga harbi. Inna, bana harbin kawai muka samu.

Ɗanki