Wane Irin Ɓera Ne, Baba?

Baba,

Na wuce shago, ban so in tashe ka ba. Tsohon akwatin jitarka da kake takawa da ƙafa yana kan teburin falo. Fitilarsa ta dawo, ja zir kamar da.

Jiya ka ce ta mutu, wataƙila ɓera ne ya ci waya. Ka ce in babu ita ba ka sanin a kunne yake ko a kashe, don haka ba za ka yi wasa a bikin 'yar Kawu ba.

Na sa sabon batir, shiru. Makunnin lafiyarsa lau. Da na buɗe ƙasan, sai ga wayar fitilar a yanke. Wane irin ɓera ne zai kwance noti huɗu, ya yanke waya, ya mayar da murfi? Ga kuma almakashin gemunka cikin jakar jita. Biri fa ya yi kama da mutum.

Na liƙe wayar da dalma. Don Allah kar a sake buɗewa, na ɗiga jan farce a kan notukan, zan gane.

Ba rashin kunya nake maka ba. Kwana biyu ina lura da yadda kofin shayi ke rawa a hannunka na hagu, kana saurin ajiyewa in na shigo.

Fitila kam ta gyaru. In na dawo, ka faɗa min abin da ya lalace da gaske.

Autarka