Gurbin Yatsanka a Jikin Kaki

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Ka san ba ni iya magana gaban mutane, shi ya sa na rubuto.

Katakon firam ɗin saƙar zuma da ka yanke kafin ciwo ya kwantar da kai, na harhaɗa su. Na buga ƙusa, na ja waya har ta yi ƙara in an taɓa, yadda kake so. Amma da na zo jera su cikin akwatin zuma sai na tsaya. Ba ka taɓa auna tazararsu da tef ba, babban yatsanka kake sawa. Nawa ƙarami ne, Baba.

Ka tuna dunƙulen kakin zuman da ka kawo daga gonarmu ta Kebbe a ɗibar ƙarshe? Ka danna shi da ɗumi don ka ji taurinsa, yatsanka ya bar gurbi. Tun rasuwarka yana cikin akwatin tufafina. A littattafan soyayyar da kake min dariya a kai, zobe ake bar wa yarinya ko hankici. Ni wannan na samu, kuma ban taɓa jin an fi ni ba.

Makon jiya Kawu Sani ya zo daga Jabo, ya ce ya ga ƙudan zuma sun yi cincirindo a ɗorawar bakin gona, kuma ba za su daɗe ba. Kai ka koya min cewa in babu shimfiɗar kaki a firam, ko su ƙi zama, ko su yi saƙa a karkace. Ba mu da wani kaki a gidan sai wannan.

Na yini ina juya shi a hannu. Inna ba ta matsa min ba. Da la'asar kawai ta ce, "Ɗiyata, babanki ba don ajiya ya tara shi ba."

Sai na fere ɗan kara daidai faɗin gurbin, don in riƙa auna tazarar firam da shi. Na ɗora tukunya, na sa kakin a ciki. Na kalli wurin yatsan yana laushi, gefensa na zubewa, har ya koma ruwa. Ban yi kuka ba sai da ƙamshin ya cika zaure kamar ka shigo.

Na zuba a kan jiƙaƙƙen allo ya yi falle-falle, na ɗumama wayar firam na kwantar da fallayen a kai a hankali. Ɗaya ya yage, sauran sun zauna.

Jiya Kawu ya kai akwatin a babur. Yau ya aiko cewa ƙudan sun shiga.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga ƙoramar zuma ta Aljanna. Wanda ya karanta, don Allah ya ce amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Nana