Damin Irin Baba

Ɗanzomo.

Zuwa ga ƙanwata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin tuna da Baba ya rasu, Yaya Barau ne ya raba mana irin geronsa, dami ɗaya nasa, ɗaya nawa. Bara nawa ya yi kyau, na ɗebi iri a ciki. Bana ko ƙuguna bai kai ba, na Yaya kuwa ya wuce kai tsawo. Haka irin kasuwa yake yi, shekara ɗaya ya ruɗe ka. Kuma kin san Yaya ba ya rabo da kasuwar Maigatari. Biri ya yi kama da mutum, Tayyiba. Ina zargin musanya mini ya yi.

Na ga saƙonki, wai a cikin kowace ƙwaya akwai zare naɗe kamar a jikin mazari, zafi ko ƙishi kan sa ya ƙulle ko ya sassauta, sai iri ɗaya ya fito daban. To malamar ciyawa, zaren Yaya kaɗai ne mai hankali? Ko dai kare shi kike yi? Jumma'a zan tara dattawa.

Yayanki,
Ɗantsoho

Tayyiba,

Sallama da fatan alheri, ina fatan kina lafiya.

Na tara su, kuma a gabansu na kira Yaya macuci. Sai ya ja mu har rumbunsa. Damin Baba na nan, da ɗaurin nan nasa na hagu da ba wanda ya iya. Na juya shi, na duba ko kwaikwaya aka yi. Hannun Baba ne.

Ashe Yaya ya kasa kwance shi saboda kewar Baba. Abin da ya shuka, geron da na aika masa bara ne don kunun azumi. Nawa ne, na gonata.

Wataƙila zaren naki gaskiya ne, don fari ya fi kama gonata. Amma kunya ta ishe ni. Da za mu tafi ya miƙo mini damin, wai in shuka baɗi. Wallahi na kasa karɓa.

Ki kira shi don Allah, ni ban san ta inda zan fara ba.

Yayanki,
Ɗantsoho