Ganuwar Tabkin Makau

Makau, ta Gummi
Maris, 2002

Zuwa ga Yayata Malama Turai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Inna tana gaishe ki.

Ga kwandon bandar kifi nan na ba direba. An yi su na bana, kamun kifin gayya, a tabkinmu, tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin kamu irinsa ba. Dabarata ce. Da ruwan gulbi ya fara ja baya, sai na sa aka datse mashigin da ke haɗa tabki da gulbi, da ƙasa da buhunan yashi. Kifin da ya saba sulalewa ya tafi wa mutanen Kabi, bana a gida ya tsaya. Ni da abokina Shitu mun yanke shawarar ƙara wa ganuwar tsayi, ta zauna har abada. Ruwan sama ya isa cika tabki.

Naki,
Sarkin Ruwa Lirwanu

Yelwan Yawuri
Afrilu, 2002

Lirwanu,

Bayan gaisuwa, ka miƙa wa Inna tawa, ita ba ta yi mini laifi ba.

Kifi ya iso, na ci, ya yi daɗi. Tun da Baba ya rasu aka naɗa maka rawaninsa nake jiran ranar da za ka yi abin da zai hana ni barci, ga ta ta zo.

Wa ya gaya maka a tabki kawara da faliya suke zaune? A nan kogin Kwara suke yin rani, ina ganin su a kasuwa. Idan damina ta kama, ciki ya cika da ƙwai, sai su juya su yi gaba da ruwa, su bi gulbin Sakkwato su shigo na Zamfara, suna neman fadama mai ciyawa su zuba. Abin da ka kama bana iyaye ne da 'ya'ya, ka haɗa ka yi bandarsu. Akwai ƙasashen da kifi ke ƙyanƙyashewa a ƙorama, ya gangara har teku ya girma, sannan ya komo ƙoramar da ƙanshin ruwanta kawai. Na karanta yadda aka gina musu madatsai, suka yi ta dukan bango har suka ƙare. Wannan nake koya wa 'yan aji uku, kuma suna ganewa.

Ka tuna ranar tarbar baƙi? Ruwan fari na isowa, Baba zai shimfiɗa buzu a bakin mashigi, ya hana jefa ko ƙugiya har sai baƙi sun gama shigewa. Ka rushe ganuwar nan kafin damina.

Yayarka,
Turai

Makau
Mayu, 2002

Yaya,

Na ga saƙonki. Shitu ya ce tarbar baƙi camfi ne na mutanen da, kuma zamanin camfi ya wuce a jihar nan. Ni dai na san abin da ya bar gida ba na gida ba ne, ko kifi ko mutum. Ke kina Yawuri kina cin albashi, mu muke cikin taɓo. Kuma don Allah ki riƙa rubuta sarautata a bayan ambulan, yara na karantawa.

Sarkin Ruwa

Yelwa
Agusta, 2002

Lirwanu,

Ina gaisuwa, don haka aka koya mana.

Laraba mai awo ta zo daga Gummi, ta ba ni labari tun kafin ta ajiye kaya. Ta ce ruwa ya iso, kifi ya taru a gindin ganuwarka har ruwan ya yi baƙi, suna tsalle suna faɗowa. Ta ce mutane sun yi ta kwasa da kwanduna da zannuwa, mata na feɗe su ƙwai na zuba a ƙasa kaji na tsattsaga. Ta ce kana tsaye a kan ganuwa da rawani ana yi maka kirari.

Ta kuma ce Inna ta dogara sanda ta je har wurin, ta duba, ta ce, “Baƙi sun zo sun iske ƙofa rufe.” Da aka kawo mata kason gida sai ta ce a mayar, ba ta hura wa wannan wuta. Matar da ta raine mu da kuɗin banda ke nan, Lirwanu.

Ka ce wa Shitu, mai cewa camfi ne, ya zo ya cika tabki da kifi. Sarauta kuwa zan rubuta ta ranar da na ga Sarkin Ruwa. Yanzu magini nake gani. Gulbi bai ja baya ba tukuna. Ka ɗauki fartanya.

Turai

Makau
Maris, 2003

Yaya Turai,

Gaisuwa da ban girma. Na daɗe ban rubuto ba.

Na fasa ganuwar bayan kaka, da hannuna. Amma ruwa ya riga ya sauka, namu ne ma ya tsiyaye ya bi gulbi. Jiya aka yi su. Mutanen Adabka da na Zugu sun zo da ragar homa da gora kamar kullum, muka shiga muka fito da 'yan tarwaɗa da kwaɗi. Wani ya ɗaga kwaɗo sama ya ce a kai wa Sarkin Ruwa kasonsa. Shitu bai zo ba. Inna kuwa ta sa an fito da buzun Baba an shanya.

Ke da kika karanta, za su dawo? Kin ce suna gane hanya da ƙanshi. To waɗanda suka san hanyar mun cinye su.

Ƙanenki,
Lirwanu

Yelwa
Afrilu, 2003

Sarkin Ruwa,

Ban sani ba. Na duba littattafan, babu wanda ya yi alkawari.

Muna samun hutu a ƙarshen Yuli. Kada kowa ya taɓa mashigin nan, ko da kara. Ka ce wa Inna ta ajiye mini tabarma, zan zauna kusa da buzun mu duba ruwa tare.

Yayarka,
Turai