Famfo Mai Baki Huɗu

Litinin, 3 ga Maris
Famfon injin tantance magunguna ya mutu murus. Shi ke tura ruwan sinadari ta cikin siririn bututu don a rarrabe abin da ke cikin magani. Oga ya ce ni zan zaɓi sabo, tunda na fi kowa daɗewa a ɗakin gwajin.

Laraba, 5 ga Maris
Iri biyu ne. Mai baki ɗaya, kai za ka auna ruwan ka haɗa da hannu. Mai baki huɗu, shi ke haɗawa da kansa. Mai huɗun nake so. Sarkin Gardama, abokin aikina, ya ce ɓarna ce, gwajinmu duk haɗi ɗaya ne, ga yawan lalacewa. Gaskiyarsa. Haushi kamar in shaƙe shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Hannun dama ya sake rawa. Sau uku ina zubar da awo. Ban gaya wa kowa ba, ko uwar yara. Wa zai bar mai karkarwa yana auna maganin jarirai? Tsoro nake ji, wallahi.

Talata, 11 ga Maris
Ina tsiyaya sinadari, kwalba na ƙwanƙwasar bakin ma'auni, ƙwas-ƙwas. Na ɗago, ashe Sarkin Gardama na tsaye a ƙofa. Ya juya ya tafi. Shi ke nan, kashina ya bushe. Jibi taro da Oga kan famfon.

Alhamis, 13 ga Maris
Oga ya tambayi dalilina na son mai huɗun. Sai ga Sarkin Gardama ya miƙe: "Ranka ya daɗe, na sake tunani. Mai huɗun za a saya, aiki na gaba zai buƙace shi." Wane aiki? Babu wani aiki! Oga ya amince.
Da muka fito na ce, "Ba na son tausayi."
Ya ce, "Wa ya tausaya maka, tsoho? Famfo na zaɓa. Kai kuma ka je asibiti."
Ko kallonsa ban yi ba. Ina ruwansa?

Litinin, 17 ga Maris
Famfo sai wata mai zuwa. Kafin nan mun aro tsohon mai baki ɗaya daga sashen ƙasa, dole a haɗa da hannu. Na jera kwalabe, na daɗe ina kallonsu. Sai na tura wa Sarkin Gardama ma'aunin, wai ina neman tabarau. Ya auna, ni na karanta masa adadi.
Tabaran na aljihuna. Na nemi izinin fita gobe da safe, na ce uwar yara zan raka wani wuri. Ita za ta raka ni asibiti.