Ki Danna Mini Ƙafar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Baba? Kumburin ƙafar ya sace kuwa? Ki riƙa laluba aljihunsa, kin san shi da ɓoye gishiri.

Ni lafiya lau. Ramar da kika gani a hoto ta aiki ce kawai. Kullum ina duƙe kan madubin bincike ina kallon ƙwayoyin halittar ƙoda. In muka sa su a ruwa mai ƙarancin gishiri, sai su kumbura kamar za su fashe. Can sai su saki kuloraid, wani sinadari na gishiri, ruwan ya bi shi waje, su koma daidai. Abokan aikina sai murna. Ni kuwa ƙafar Baba nake gani, ina danna ta da yatsa, gurbin ya ƙi cikowa, yana tsokanata, "Likita, an gama awon?"

Don Allah ki danna mini ita yau, ki faɗa mini gaskiya, ban da "da sauƙi". In gurbin ya zauna, zan taho. Ƙwayoyin nan suna komawa daidai ko ba na nan. Baba fa?

Allah ya saka miki.

Ƙanwarki